Yaya Ake Koya wa Ɗalibin Lauya Tunani da Aiki, Kuma Yaya Ake Ba Shi Maki?

Tambaya: Ban daɗe da fara koyarwa a tsangayar shari'a ba. Ɗalibaina suna cin jarrabawa da maki mai kyau, suna zubo sassan doka da sunayen shari'o'i ba gargada, amma da na ɗan juya musu tambaya sai su yi tsuru-tsuru. Manhajarmu ta ce mu koyar da tunani mai zurfi da ƙwarewar aiki. Ta yaya ake koyar da waɗannan, kuma ta yaya zan ba su maki ba tare da an ce na yi son rai ba, alhali ajina ya haura mutum 200?

Amsa: Malam, kafin ka taɓa laccarka, ɗauko takardun jarrabawar kwas ɗin na shekarun baya ka karanta su da idon ɗalibi. Ɗalibi ba ya karanta manhaja, takardar bara yake karantawa. In ya ga tambayoyin duk da "bayyana" da "lissafo" da "tattauna" suke farawa, kuma ya ga wanda ya haddace takardun lacca shi ne ya zo na ɗaya, to ya gama gane abin da ake biya a wurinka. Ɗalibanka ba daƙiƙai ba ne. Sun auna ku, sun ga hadda kuke saye, suka kawo muku hadda. Don haka duk abin da zan faɗa maka game da koyarwa, in jarrabawa ba ta canza ba, aikin banza ne.

Sai dai ba za ka iya auna abin da ba ka fayyace ba, kuma kalmar "tunani mai zurfi" a manhaja ba ta gaya wa kowa komai. A harkar shari'a abin ba ɓoyayye ba ne, ayyuka ne da ake gani a takarda. Ɗalibi ya ɗauki labari mai tarkace ya ware abin da zai yi tasiri a hukunci daga abin da ba ruwan kotu da shi. Ya karanta hukunci ya bambance dalilin da hukuncin ya tsaya a kai da maganar da alƙali ya yi a wucewa. Ya iya gina hujjar abokin hamayyarsa yadda shi kansa abokin hamayyar zai yarda an yi masa adalci. Ya san wace gaɓa ce in ta canza amsar za ta juye. Kuma ya iya cewa "ba zan ba da amsa ba sai na san abu kaza," wanda shi ne abin da ya fi yi wa ɗalibi mai ƙoƙari wuya, domin tun yana ƙarami aka koya masa cewa barin tambaya ba amsa faɗuwa ne.

Bari in nuna maka da shari'ar da kusan kowane ɗalibi a ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila ya haddace, wato Donoghue da Stevenson. A watan Agustan 1928, a garin Paisley na Sikotland, wani ya saya wa May Donoghue lemon citta a cikin kwalba mai duhu. Ta sha wani, da aka tsiyayo ragowar sai ga ruɓaɓɓen dodon koɗi, a cewarta, ta kuma kamu da rashin lafiya. Ba ita ta saya ba, don haka babu yarjejeniyar ciniki tsakaninta da kowa, amma ta kai Stevenson, mai sarrafa lemon, ƙara. A 1932 Majalisar Dattawan Birtaniya, wadda a lokacin ita ce kotun ƙoli, ta yanke da rinjayen alƙalai uku a kan biyu cewa mai sarrafa kaya yana da haƙƙin kula da wanda kayan za su isa hannunsa. Ɗalibinka ya san wannan, har ma zai karanto maka maganar Lord Atkin, ɗaya daga cikin alƙalan, kan wane ne maƙwabci a idon doka. Yanzu ka tsaya a gaban aji ka ce: to da kwalbar garau take, ana hango abin da ke ciki fa? A nan za ka gane wanda ya karanta hukuncin da wanda ya karanta taƙaitawa, domin Atkin ya ɗaure maganarsa da sharaɗin cewa kayan su isa ga mai amfani ba tare da wata dama ta a bincika su a hanya ba. Ka sake juyawa: da ba abin sha ba ne, tufafi ne da aka bar wa sinadari a jiki? Wannan ita ce shari'ar Grant da wani kamfanin saƙa na Ostareliya, wadda ta biyo baya da 'yan shekaru, kuma aka ce ƙa'idar ta hau. Da ba kaya ba ne, shawara ce mutum ya bayar da sakaci, wani ya yi asarar kuɗi? Sai da aka kai 1963, a shari'ar Hedley Byrne, kafin kotun ta buɗe wannan ƙofa, kuma da sharuɗɗa. Kada ka gaya musu waɗannan shari'o'in tukuna. Ka bar su su yi gardama, kowa ya ɗauki matsayi ya kare, sannan ka nuna musu abin da kotu ta yi, su ga inda suka dace da inda suka kauce.

Tambayar da na fi so a wannan darasi ita ce ta ƙarshe: shin an taɓa tabbatar da akwai dodon koɗin a kwalbar? Ba a taɓa ba. Abin da aka kai gaban alƙalan shi ne, in an ƙaddara labarinta gaskiya ne, tana da ƙarar da doka ta sani? Ba a kai ga sauraron shaidu ba, Stevenson ya rasu, aka sasanta a wajen kotu. Ɗalibin da ya gane wannan ya gane bambancin tambayar doka da tambayar abin da ya faru, kuma wannan bambanci zai bi shi har ƙarshen aikinsa.

Wannan salo na juya mas'ala ba sabo ba ne. A Amurka ana danganta shi da Christopher Langdell, wanda ya zama shugaban makarantar shari'a ta Harvard a 1870, ya ajiye lacca ya sa ɗalibai karanta hukunce-hukunce yana ƙure su da tambaya. Ɗalibai da yawa sun ƙaurace wa ajinsa da farko, suna ganin ba ya koyar da komai, don haka in naka suka yi gunaguni kada ka yi mamaki. Kuma tun ƙarnuka kafin Langdell, malaman fiƙihu na Kufa, musamman a majalisin Imam Abu Hanifa, an san su da ƙaddara mas'alar da ba ta auku ba, a jefa wa almajirai a yi ta muhawara kafin a tsayar da magana. Manufar ɗaya ce, a gano iyakar ƙa'ida ta hanyar tura ta har inda za ta karye.

Ga dokar da majalisa ta rubuta kuwa, akwai tsohon misalin da masanin falsafar doka H.L.A. Hart ya kawo a 1958: doka ta hana shiga wurin shaƙatawa da abin hawa. Mota dai ba gardama. Keke fa? Motar wasan yara fa? Wani masanin, Lon Fuller, ya mayar masa da martani da motar soja ta lokacin yaƙi, mai lafiya, da aka girke a wurin don tunawa da mazan jiya. Ka rubuta wannan doka a allo, ka ƙara da motar asibiti da keken guragu, ka ga yadda aji zai rabu. Cikin minti 20 za su gano da kansu saɓanin da ke tsakanin bin lafazi da bin manufa, abin da in ka yi lacca a kai za su rubuta su manta.

Za ka ce mutum 200 ba a yi musu haka. Ana yi, sai dai ba yadda Langdell ya yi ba. Matsalar ƙure ɗalibi ɗaya a gaban jama'a ita ce mutum ɗaya ke tunani, saura suna addu'ar kada a kira su, kuma kullum masu bakin magana ne ke cin moriya. Abin da ya fi shi ne ka jefa tambayar, ka ba kowa minti biyu ya rubuta matsayinsa da dalili ɗaya, a ɗaga hannu ka ga yadda aka rabu, sannan kowa ya juya ya shawo kan na kusa da shi, a sake ɗaga hannu. Sai ka kira mutum biyu daga ɓangarorin biyu. Rubutun nan na farko shi ne sirrin, domin wanda ya rubuta matsayi ya riga ya saka kansa a ciki, ba zai iya jira ya ji inda iska ta kaɗa ba. Farashin da za ka biya shi ne ba za ka gama duk abin da ka saba gamawa a lacca ba. Ka yarda da wannan. Abin da littafi zai iya gaya musu, ka bar wa littafi.

Yanzu ga inda ake yin ta, wato ba da maki. A ce ka ba da wannan tambaya: bakanike ya gyara birkin mota da sakaci, mai motar ya ji birkin yana ƙara amma ya ci gaba da tuƙi, daga baya birkin ya ƙwace ya buge mai tafiya a ƙasa. Ka ba wanda aka buge shawara. Takarda ta farko shafi uku ce, ta faro daga 1932, ta kawo maganar Atkin daidai, ta jero shari'o'i takwas, ta rufe da cewa bakaniken yana da laifin sakaci. Takarda ta biyu shafi ɗaya da rabi ce. Ta ce a layi biyu babu wanda zai yi jayayya cewa bakanike yana da haƙƙin kula, don haka ba a nan rigimar take ba. Rigimar ita ce ko ci gaba da tuƙin mai motar bayan ya ji ƙara ya yanke alaƙar da ke tsakanin sakacin bakanike da raunin. Ta kawo abin da lauyan bakanike zai ce, ta kawo amsarsa, ta ce ana buƙatar sanin yaushe ya ji ƙarar da kuma ko ƙarar irin wadda direba mai hankali zai tsorata da ita ce, ta ba da shawarar a haɗa su biyun a ƙara. A tsarin makin da aka saba, inda malami ke bin takarda yana neman kalmomi yana sa alama, ta farko ce za ta ci. Kuma ka san wace ce daga cikinsu za ka ɗauka aiki.

Gyaran shi ne ka raba makin tun kafin ka ga takardar kowa, kuma ka raba shi a kan ayyukan nan da na ambata: gano inda rigimar take, kawo dokar da ta dace daidai, ɗora ta a kan wannan labarin takamaimai, fuskantar hujjar ɗaya ɓangaren, da shawarar da mutum zai iya aiki da ita. Kaso mafi tsoka ya tafi ga ɗorawa da fuskantar hujja. Kawo doka kawai kada ya kai ɗalibi ga cin jarrabawa. A ƙarƙashin kowane ɓangare ka rubuta da kalmomi yadda aiki mai rauni yake, da matsakaici, da mai kyau, ba wai "ya yi kyau" ko "ya yi kyau ƙwarai" ba. Misali: mai rauni ya faɗi doka ya tsallaka zuwa hukunci, matsakaici ya ambaci abin da ya faru amma bai nuna dalilin tasirinsa ba, mai kyau ya nuna wace gaɓa ce ta sa dokar ta hau da abin da zai faru in babu ita. Kuma ka rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba a ba da maki don an dace da ra'ayin malami. Ɗalibi biyu za su iya kai wa ga amsa mabambanta su duka su sami maki mafi girma. Wannan jadawalin ka raba wa ɗalibai tun farkon zango. Ba satar amsa ba ce, gaya musu ne abin da kake saye yanzu.

Wannan ne kuma maganin zargin son rai da kake tsoro. In kuna da yawa masu duba takardu, ku ɗauki 'yan takardu iri ɗaya kowa ya duba shi kaɗai, ku zauna ku kwatanta, ku yi gardama a kan inda kuka saɓa kafin a raba sauran. A ɓoye sunaye. Za ka tarar saɓanin da ke tsakanin malamai a tsohon tsarin ma yana nan, kawai dai ba wanda ya taɓa auna shi.

Ina goyon bayan a bar ɗalibai su shiga jarrabawa da kundin doka, a wasu kwasa-kwasan ma da littattafansu. Da zarar ka yi haka, ka hana kanka yin tambayar hadda, domin amsarta na kan teburinsu. Wanda ya fi wannan ma shi ne jarrabawar fayil. A jarrabawar shiga aikin lauya ta jihohi da dama a Amurka akwai wani sashe na minti 90 da ake ba mutum fayil, ciki da wasiƙu da bayanan shaidu da takardun da wasunsu ba su da amfani, tare da 'yan dokoki da hukunce-hukunce na wata jiha ta ƙage, a ce ya rubuta wa babban lauya shawara ko ya tsara wasiƙa. Tunda dokar ƙagaggiya ce, hadda ba ta da inda za ta shiga. Kai ma za ka iya haɗa irin wannan fayil da shafi shida ko bakwai. Ka sa shaidu biyu su saɓa wa juna a kan kwanan wata, ka sa hukunci ɗaya da ya yi kama da ya dace amma kotun sama ta riga ta rushe shi.

Tambayoyin canki-canka fa? Ba na raina su kamar yadda wasu abokan aiki ke yi. Ingila da Wales, da suka kawo sabuwar jarrabawar shiga aikin lauya a 2021, sun fara kashin farko da tambayoyi 360 irin waɗannan, kowace da ɗan labari da zaɓi biyar, a nemi wanda ya fi dacewa. In an tsara su da kyau suna auna ɗora doka a kan labari, kuma ga mai aji irin naka suna rage nauyi. Abin da ba sa iya aunawa shi ne ko ɗalibi zai iya gina hujja daga babu, domin an riga an tsara masa tambayar an miƙa masa amsoshi. Ka yi amfani da su a gwajin tsakiyar zango, kada su zama su ne duka.

Sai ƙwarewar aiki, wadda ita ce aka fi yi wa riƙon sakainar kashi. Tun 1933 wani masanin shari'a na Amurka, Jerome Frank, ya soki tsarin Langdell cewa ɗalibi yana karanta hukuncin kotun ɗaukaka ƙara ne kawai, inda an riga an tace labari an gyara shi, bai taɓa ganin mutum mai matsala ido da ido ba, ya ce a koyi da yadda ake horar da likitoci a asibiti. Maganar ta daɗe kafin ta kama. Rahoton MacCrate na ƙungiyar lauyoyin Amurka a 1992 ya lissafa ƙwarewa goma da ɗabi'u huɗu da ya kamata sabon lauya ya fita da su. Rahoton gidauniyar Carnegie na 2007, bayan ziyartar makarantu 16 a Amurka da Kanada, ya ce makarantun sun iya koyar da nazari amma sun yi sakaci da aiki da ɗa'ar sana'a, ya kuma soki dogaro da jarrabawa ɗaya tal a ƙarshen zango. A 2014 ƙungiyar lauyoyin Amurka ta wajabta wa makarantun da take tantancewa wani adadi na kwasa-kwasan aiki a aikace. A Indiya ma hukumar lauyoyi ta wajabta takardu huɗu na aikace tun 1997. Amma wajabtawa a takarda daban, yi daban. Na sha ganin kwas mai suna "tattaunawa da mai neman lauya" da ake koyarwa da lacca, a yi jarrabawarsa da "lissafo siffofi biyar na kyakkyawar tattaunawa." Wanda ya ci wannan bai nuna komai ba sai cewa ya iya lissafi.

Ƙa'idar a nan gajeriya ce: abin da ake yi da baki da hannu, sai an ga mutum yana yi. Ga yadda za ka shirya. Ka rubuta labarin wata mata da aka sallama daga aiki, ka ba wanda zai taka rawarta. A rubuce ka nuna abin da za ta faɗa da kanta: an kore ta ba dalili, ranta ya ɓaci, tana so a kai su kotu. Ka kuma nuna abin da ba za ta faɗa ba sai an tambaya: ranar da aka sallame ta ta sa hannu a wata takarda da ba ta karanta ba, abin ya faru watanni da suka wuce har wa'adin shigar da ƙara ya kusa cika, kuma abin da ya fi damunta a zuci shi ne ta sami takardar shaidar aiki don ta nemi wani wurin. Ɗalibi ya shigo, yana da minti 15. Za ka ga wani tun ba ta rufe baki ba ya katse ta ya fara karanto mata sashen doka, ya fita yana murna, bai san da takardar ba, bai san da wa'adin ba. Wani kuma zai bar ta ta gama, ya ce "bari in maimaita abin da na fahimta, ki gyara mini," ya tambayi kwanan wata, ya tambaya ko an ba ta wani abu ta sa wa hannu, sannan ya ce "in komai ya tafi daidai, me kike so ki samu?" A nan ne za ta ambaci takardar shaidar, kuma a nan ne zai gane wataƙila wasiƙa da sasantawa sun fi mata ƙara. Bayan ya fita ya rubuta bayanin ganawar a shafi ɗaya, wannan kai za ka duba.

Daga likitoci aka aro wannan. Howard Barrows ya fara amfani da mutanen da aka horar su yi kamar marasa lafiya a 1963, Ronald Harden kuma a Dundee ya bayyana a 1975 tsarin jarrabawar da ɗalibi ke zagaya tasha-tasha, kowace da aikinta da ma'auninta. A tsakiyar shekarun 2000 makarantar horar da lauyoyi ta Glasgow ta gwada shi da mutanen gari da ba lauyoyi ba, aka horar da su su taka rawar kuma su ba da maki a kan abin da su ne suka fi kowa sani: an saurare ni? na gane abin da aka gaya mini? zan dawo wurin wannan lauya? Aka ga makinsu abin dogaro ne, har makarantar ta mayar da shi tsarinta. Kashi na biyu na jarrabawar Ingila da na ambata a kan wannan turba yake, ayyuka 16 ne, huɗu na baka, 12 na rubutu. Darasin da ke cikin yawan tashoshin shi ne ganawa ɗaya ba ta isa a yanke wa ɗalibi hukunci ba, domin wanda ya yi kyau a wannan labarin yana iya rikicewa a wancan. Gajerun ayyuka da yawa sun fi dogo guda ɗaya adalci.

Kotun gwaji, inda ɗalibai ke kwaikwayon jayayya a gaban alƙali, tana da amfani, amma a ganina an fifita ta fiye da ƙima. Gasa irin ta Jessup, wadda ta faro tun 1960, tana fitar da gwanaye, sai dai mutum nawa ne a ajinka za su je? Kuma tana horar da jayayya a kan doka a gaban kotun sama, alhali yawancin ranakun sabon lauya a rubuta wasiƙa da tsara yarjejeniya da takardar rantsuwa da neman beli da sasanta mutane suke ƙarewa. In za ka yi ta, kada ka ba da maki a kan wanda ya yi nasara ko wanda ya fi murya. Ka ba da shi a kan yadda ya amsa tambayar da alƙali ya katse shi da ita, ko ya amsa kai tsaye ko ya zille ya koma takardarsa.

Ofishin taimakon shari'a na ɗalibai, inda suke karɓar mutanen gaske a ƙarƙashin kulawar lauya, shi ne ƙololuwa, kuma shi ne mafi hatsari. Mutumin da ya zo ba kayan gwaji ba ne, ƴancinsa ko gidansa ne a kan layi. In babu lauya mai lasisi da zai duba kowace takarda kafin ta fita, gara a tsaya a kwaikwayo. Wajen maki kuma kada a duba sakamakon shari'ar, tunda wani an ba shi mai sauƙi wani mai wuya. A duba fayil: ya rubuta abin da aka yi a kan lokaci, ya kiyaye wa'adi, ya riƙe sirri, ya sanar da mai shari'ar halin da ake ciki? Ana yawan sa su rubuta abin da suka koya, amma ka yi hattara, ɗalibai suna saurin gane irin nadamar da malami ke son karantawa. Ka ɗaure rubutun da shawara guda da ya yanke a fayil ɗin, ya faɗi zaɓin da yake da su da dalilin ɗaukar wannan.

Ɗa'ar aiki kuwa kada ka ware mata tambaya mai lakabi, domin kowa zai ba ka amsar waliyyi. Ka binne ta a cikin aikin. A tsakiyar ganawa matar nan ta ce, "takardar da na sa wa hannu, ba sai mu ce ban taɓa ganinta ba?" Abin da ɗalibi ya yi a daƙiƙa goman da suka biyo baya shi ne jarrabawar.

Ba zan tsallake maganar ƙirƙirarriyar basira ba, don ta riga ta shigo ajinka ko ka sani ko ba ka sani ba. A 2023 wata kotun tarayya a New York, a shari'ar wani mutum mai suna Mata da kamfanin jiragen Avianca, ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 bayan sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙaga, babu su a duniya. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Aikin gida na "rubuta shafi goma a kan kaza" ya daina nuna maka komai game da wanda ya miƙo shi. Hanya biyu nake ganin suna aiki. Ɗaya, ka ba su amsar da na'urar ta rubuta, aikinsu shi ne su binciko kowace shari'a da ta ambata, su nuna wadda babu, da wadda akwai amma ba abin da ta ce ke nan ba, da hujjar da ta tsallake. Biyu, duk aikin gida mai nauyin maki ya zo da kariya ta baka ta minti biyar, ka canza gaɓa ɗaya a labarin ka ce to yanzu fa? Wanda ya yi aikin da kansa zai ɗan yi shiru ya amsa. Wanda aka yi wa zai maimaita maka abin da ke takarda.

Game da yawan ajinka, kada ka ɗauki duka a zango ɗaya. Ka canza tambaya ɗaya ko biyu a jarrabawar ƙarshe zuwa irin ta bakaniken nan, ka sanar tun makon farko, ka bi ta hanyar da sashenku ke amincewa da canjin jarrabawa don kada a rushe maka daga baya. Ka ba su gwaji irinta a tsakiyar zango, domin zalunci ne mutum ya fara haɗuwa da sabon salo a ranar da makinsa ya dogara da shi. Ba sai ka yi wa takarda 200 sharhi ɗaya bayan ɗaya ba. Ka karanta wani kaso, ka fitar da kurakuran da suka fi yawa, ka kawo amsa biyu marasa suna a gaban aji, su ba su maki da jadawalin da kansu, sannan kowa ya duba tasa. Ganawar kuwa a yi ta rukunin mutum uku-uku, ɗaya lauya, ɗaya mai matsala, ɗaya mai lura da jadawali a hannu, a riƙa juyawa da sabon labari. Wadda za a ba wa maki na gaske ita ce ke buƙatar ƙarin hannu, kuma a nan ɗaliban digiri na biyu da lauyoyin da suka taɓa zama ɗalibanku za su iya ɗaukar tasha ɗaya-ɗaya, muddin ka zauna da su tukuna kun duba ganawa biyu ko uku tare kun daidaita ma'auni.